Na ce wa farfesa "Hey" a saƙon imel: shin raini na yi?

Bilkisu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Wata huɗu ke nan da na fara digiri na biyu a wata jami'a a arewacin Ingila. Tun ranar farko malamin da ke ɗaukarmu babban kwas ya ce kada kowa ya kira shi Dakta, sunansa na yanka kawai. Duk saƙonninsa da "Hi all" suke farawa, ya rufe da "Cheers". 'Yan ajinmu kuwa "Hey" ce a bakinsu safe da yamma, har shi ma ita suke ce masa yana amsawa. Sai na ɗauka haka ake yi da kowa.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni, na ga ba zan iya miƙa aikina a kan lokaci ba. Aka ce in rubuta wa wata farfesa, dattijuwa, ita ce ke kula da ƙarin wa'adi. Ban taɓa ganinta ba. Da dare na rubuta, kaina yana sarawa, na fara da "Hey" da sunanta na yanka. Washegari amsa ta zo: "Dear Ms" da sunan mahaifina, layi biyu kacal, in cike fom in haɗa da takardar likita. A ƙasa ta sa Farfesa da cikakken sunanta. Ba ta ce na yi laifi ba, amma da na karanta sai jikina ya yi sanyi. Shin raini na yi mata? Kuma a ina ake cewa "Hey", a ina ba a cewa?

Abba:
Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, ba abin da kika yi. Shekara uku ina aiki ta intanet da wani kamfani na Amurka, shugaban kamfanin da kansa "Hey Abba" yake rubuto mini, ni ma haka nake mayar masa. Su ba ruwansu da wannan. Mu ne muke ɗora wa kanmu.

Malam Nasiru:
Abba, ɗana, a nan ba zan bi ka ba. Abin da ka faɗa gaskiya ne a wurin aikinka, amma ka lura da abu guda: wa ya fara? Shi ne ya fara ce maka "Hey", kai kuma ka bi. Ita Bilkisu ita ta fara, kuma da wadda ta girme ta, ta fi ta muƙami, ba su san juna ba, sannan alfarma take nema a wurinta. Abu huɗu ke nan suka haɗu a saƙo ɗaya.

Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne gaisuwar nan hawa-hawa ce. A sama akwai "Good morning" da 'yan uwanta, sai "Dear" a rubuce. A tsakiya "Hello", wadda kusan ko'ina ta shiga ba a korarta. Ƙasa da ita kaɗan "Hi", wadda yanzu ta zama ruwan dare a ofisoshi. Daga nan sai "Hey", "What's up", "Yo", waɗannan na abokai ne da tsara. Saukowa daga wannan hawa zuwa wancan, babba ne ke buɗe ƙofarsa. Malaminki na farko ya buɗe miki tasa, Bilkisu, amma ƙofarsa ya buɗe, ba ta jami'ar gaba ɗaya ba.

Ita kuwa farfesa, amsar da ta ba ki ita ce gyaran. Mutanen Ingila ba kasafai suke cewa "ka yi kuskure" kai tsaye ba. Sai su amsa maka a matakin da suke so ka tsaya, in kana da lura ka gane.

Bilkisu:
Innalillahi. Malam, ke nan ta ji haushi. In rubuta mata takardar ban haƙuri?

Malam Nasiru:
A'a 'yata, ban ce ta ji haushi ba, kuma kada ki rubuta ban haƙuri mai tsawo, zai mai da ƙaramin abu babba. Ki tura fom ɗin, ki fara da "Dear Professor" da sunanta na ƙarshe, ki gode mata, ki rufe da "Kind regards" da cikakken sunanki. Za ta gane kin gane.

Alhaji Garba:
Ni dai wannan "Hi" da "Hey" duk ban ga ranarsu ba. Mun yi aiki da Turawa shekara da shekaru, wasiƙa "Dear Sir" ce, magana "Good morning, sir" ce, ba mu taɓa jin kunya ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Yaro ya riƙe girmamawa ko'ina ya je, ba wanda zai zarge shi.

Maman Hanifa:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona. Ni nas ce, shekarata tara ina aiki a asibiti a Ingila. Watan farko da na zo, duk likitan da na haɗu da shi sai in ce "Good morning, sir". Rana ɗaya wani babban likita ya ja ni gefe a bakin ɗakin shan shayi, murya ƙasa-ƙasa, ya ce yana roƙona in daina ce masa "sir", don yana sa shi jin kamar akwai katanga tsakaninmu, kuma yana tsoron ranar da zan ga ya yi kuskuren magani in kasa yi masa magana. Wallahi maganar ta shige ni. A wurinsu "sir" ta ɗan makaranta ce ga malaminsa, ko mai jiran kanti ga mai saye, ko soja ga hafsansa. Tsakanin abokan aiki tana nisanta mutane. Don haka yawan girmamawar ma yana da nasa illar, ba "Hey" kaɗai ke ɓata abu ba.

Amma ga marasa lafiya, musamman tsofaffi, labarin daban ne. Ba na shiga wurin tsohuwa mai shekara 85 in ce mata "Hey". "Good morning, Mrs" wance nake cewa, in gaya mata sunana da aikina, sannan in tambaye ta sunan da take so a kira ta da shi, in rubuta a allon da ke saman gadonta. Wasu su ce sunan yanka, wasu su ce a bar musu "Mrs" ɗinsu. Akwai wata likita, Kate Granger, wadda ciwon daji ya kama. Tana kwance a asibiti a 2013 ta lura ma'aikata da yawa suna zuwa su taɓa ta, su ɗebi jininta, ba tare da sun ko faɗi sunansu ba. Ita da mijinta suka fara gangamin "Hello, my name is", ya bazu a asibitocin ƙasar. Ta rasu a 2016, amma har yau za ki ga kalmomin nan a jikin bajen ma'aikata. Ku lura da kalmar da ta zaɓa: "Hello". Ba ta yi sama da yawa ba, ba ta yi ƙasa ba.

Alhaji Garba:
To, Maman Hanifa, na ji wannan. Amma likitan ai shi ya ce ki daina. Da ke kika fara kiran sunansa gatsau ranar farko fa?

Maman Hanifa:
Gaskiyarka Baba, a nan kam mun haɗu. Gara a ce maka sauko da a ce maka koma baya.

Abba:
Ni fa har yanzu ina ganin ana tsananta abin. Harshe tafiya yake yi. "Hello" ɗin nan da kuke yabo ita ma ai sabuwa ce. Kafin wayar tarho, kalmar kiran mutum daga nesa ce ko ta mamaki, ba gaisuwar mutunci ba. Thomas Edison ne a 1877 ya rubuta wa shugaban wani kamfanin telegiraf cewa a riƙa amsa waya da ita, shi kuwa Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro wayar tarho, "Ahoy" ya so, kiran masu jirgin ruwa. Ta Edison ta yi nasara, yau ga shi ana ce wa sarakuna "Hello". Manhajar WhatsApp da muke amfani da ita kullum, da aka kafa a 2009, daga "What's up" aka samo sunanta. Nan da shekara ashirin "Hey" za ta zauna inda "Hi" take yanzu.

Malam Nasiru:
Tarihinka daidai ne Abba, kuma mai yiwuwa hasashenka ma ya tabbata. A wasu sassan Amurka "Hey" ta riga ta zama gaisuwar yau da kullum. Amma farfesar Bilkisu ba nan da shekara ashirin take karanta saƙon ba, yau take karantawa, da kunnen da ta tashi da shi. Mutanen zamaninta sun taso iyaye suna kwaɓar yaro in ya ce "Hey", su ce masa "hay is for horses", wato ciyawa ta dawakai ce, saboda kalmomin biyu lafazinsu ɗaya. Ga wanda ya tashi da wannan, "Hey" kamar a yi maka "kai!" ne daga bayanka a hanya. A baki, murmushi da sautin murya suna tausasa ta. A rubuce ba murmushi, kalmar ce tsirararta.

Ummi:
Bari in sa baki, ni ilimin harsuna nake karanta kuma wannan yana cikin abin da muka yi a zangon da ya wuce. Akwai masana biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, da suka yi nazarin ladabin magana, aikin ya fara fitowa a 1978, aka sake buga shi a matsayin littafi a 1987. Sun ce nauyin ladabin da mutum ke bukata ya dogara da abu uku: nisan da ke tsakaninku, ikon da yake da shi a kanka, da girman abin da kake nema. Ku ɗora wannan a kan labarin Yaya Bilkisu. Malaminta na farko yana da iko a kanta, amma sun saba, kuma yawanci tambayar aji ce. Farfesa kuwa duka ukun sun kai ƙarshe. Shi kuma Yaya Abba, shugabansa yana da iko, amma kullum suna tare a aiki. Kowannenku gaskiya ya faɗa, ma'aunin ne ya bambanta.

Wani abin da ya sa Turanci ke da wuyar sha'ani a nan shi ne ba shi da wakilin suna na girmamawa. Faransanci yana da "tu" da "vous", mu ma mukan ce wa babba "ku". Turanci ma da yana da su, "thou" ga na kusa ko na ƙasa, "you" ga jam'i da kuma babba. A cikin ƙarni na 17 "thou" ta fita daga maganar yau da kullum a yawancin ƙasar, kowa ya zama "you". To tunda sarki "you" ne, yaro ma "you" ne, sai nauyin ya koma kan gaisuwa da yadda ka ambaci sunan mutum. Shi ya sa kalmomi biyu na farkon imel suke ɗauke da kaya mai yawa haka.

Sadiq:
Ummi kin kawo haske, Allah ya ƙara basira. Ni a kudancin Amurka nake, a jihar Teksas, kuma ina so in ƙara cewa Turancin ma ba ɗaya ba ne. A nan mutum zai ce maka "Howdy", wadda asalinta "how do ye" ne, kuma a baki ɗaya zai ce maka "sir". Yara ana horar da su su ce "yes ma'am", "no sir", rashin faɗa rashin tarbiyya ne. Na je wani taro a Niyok na ce wa wata mata "ma'am", sai na ga fuskarta ta canja, daga baya abokin aikina ya ce mini wasu matan a can suna jin kamar an ce musu sun tsufa. Ƙasa ɗaya ke nan fa.

Abin da ya fi ba ni wahala da na zo shi ne "How are you?" da "How's it going?". Satina na farko wani maƙwabci ya faɗa mini yana wucewa da karensa, na tsaya na fara ba shi labarin gajiyar tafiya da neman gida. Kafin in kai rabi ya yi nisa yana ɗaga mini hannu. Raina ya sosu, na ce wane irin mutum ne wannan. Daga baya na gane ba tambaya ya yi ba, gaisuwa ce, amsarta "Good, you?" ce, ka wuce. Haka "What's up", amsarta "Not much". Shi mutumin nan daga baya shi ya taimake ni na tayar da motata ranar da batir ya mutu.

Ummi:
Wannan ma an yi nazarinsa a ilimi, Yaya Sadiq. Wani masanin al'adun al'umma, Bronislaw Malinowski, ya yi bayaninsa tun 1923, maganar da aikinta ba isar da labari ba ne, sada zumunci ne kawai, a nuna maka an gan ka.

Maman Hanifa:
Sadiq, irin taka ce ta same ni da "You alright?". A Ingila gaisuwa ce zalla, amma ni da aka ce mini haka sau uku a safiya ɗaya sai na shiga banɗaki na duba madubi, na ɗauka alamar rashin lafiya ce a fuskata. Amsarta "Alright, you?" ce. A yankin Yokshaya za ki ji "Ey up", a wajen Notingam har da "me duck" suke ƙarawa, direban bas ko mai kanti ya ce miki "love", namiji ko mace, ba da wata manufa ba. Amma shawarata ga baƙo, ka fahimce su, ka amsa, kada ka yi saurin ɗauka kana yi. Irin su "G'day" ta Ostareliya ko "Wagwan" da matasan Landan suka samo daga Jamaika, in ba a cikinsu ka tashi ba, a bakinka sai su fito kamar kwaikwayo, wani ma ya ɗauka ba'a kake masa.

Barista Zainab:
Na makara, amma ga nawa. Akwai wuraren da ba zaɓi a cikinsu sam, kuma gara mutum ya sani kafin ya shiga. A kotun Amurka alƙali "Your Honor" ne. A babbar kotun Ingila "My Lord" ko "My Lady". Wanda ya gana da Sarkin Ingila, karon farko "Your Majesty" zai ce, bayan nan "Sir". Wanda aka ba lambar girma ta "Sir", da sunansa na yanka ake haɗawa, shi ya sa masu kallon ƙwallo suke jin ana cewa Sir Alex, ba Sir Ferguson ba. A wasiƙar hukuma ta salon Ingila, in ka buɗe da "Dear Sir or Madam" ka rufe da "Yours faithfully", in ka ambaci sunan mutumin ka rufe da "Yours sincerely". Mace kuma in ba ka san ko tana da aure ba, "Ms" ce, kamar yadda farfesa ta yi wa Bilkisu. In tana da Dakta ko Farfesa, da shi za ka kira ta. Mata malaman jami'a da yawa suna ƙorafin cewa ɗalibai na ce wa maza "Professor", su kuma a kira su da sunan yanka ko "Mrs". Bilkisu, mai yiwuwa wannan ma yana cikin abin da ya sa ta sa cikakken muƙaminta a ƙasan saƙon.

Sai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya daina: "Hello dear" da "Hi dear" ga wanda ba ku saba ba. Mutane suna ɗauka tunda wasiƙa da "Dear" take farawa, to wannan ma ladabi ne. Ba haka ba ne. "Dear" kafin suna ladabi ce. "Dear" ita kaɗai bayan gaisuwa kalmar kaka ce ga jikanta, ko ta masoya, kuma 'yan damfarar intanet sun ɓata ta. Na ga saƙon neman aiki na wani yaro mai ƙwazo da aka ajiye gefe, da "Hello dear" ya fara wa matar da ke ɗaukar ma'aikata. Abin ya dame ni sosai, don na san girmamawa ya yi nufi.

Abba:
Barista, wannan na "dear" na yarda ɗari bisa ɗari. Kuma zan janye rabin maganata. Da na tuna, ranar intabiyu ɗina "Good afternoon" na ce musu, sai da na ji sun ce "Hey, great to meet you" na saki jiki. Amma ina nan a kan bakana cewa a dandalin hirar ofis, in ka rubuta "Dear Sir" za a yi ta mamakinka. Can abin da ma ke ɓata wa mutane rai shi ne ka turo "Hi" kaɗai ka yi shiru kana jiran a amsa. Suna so ka haɗa gaisuwar da buƙatarka a saƙo ɗaya.

Sadiq:
Haka ne. Kuma a kula da "Good night", ba gaisuwar isowa ba ce, sallama ce. Ko ƙarfe goma na dare ka shiga wuri, "Good evening" za ka ce. A gidan rasuwa kuma ba a shiga da "What's up" ko da abokinka ne, "I'm sorry for your loss" ake cewa, a sassauta murya.

Bilkisu:
Na dawo da labari. Na yi yadda Malam Nasiru ya ce, na tura fom da takardar likita, na fara da "Dear Professor". Yau da rana ta amsa. An ba ni ƙarin kwana bakwai, alhamdu lillahi. Wannan karon "Dear Bilkisu" ta rubuta, ta ce tana fatan na samu sauƙi, a ƙasa kuma sunanta na yanka kawai ta sa, ba Farfesa. Har hawaye sai da na yi. Yanzu in zan gode mata, da sunan yankan zan kira ta ko in riƙe Farfesa?

Abba:
Ta sa sunanta da hannunta, ta buɗe miki ƙofar da Malam yake faɗa ke nan. "Dear" da sunanta na yanka, ba laifi.

Malam Nasiru:
A ƙa'ida Abba ya yi daidai, yawancinsu haka suke nufi in sun sa sunan yanka shi kaɗai. Amma da ni ne ke, tunda a kan wannan aka fara samun tangarɗa, zan ƙara riƙe "Professor" sau ɗaya. In ta sake sa sunanta, ko ta ce ki kira ta da shi, sai ki bi.

Bilkisu:
Na Malam zan bi, na riga na rubuta, layi biyu ne. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Maman Hanifa:
Amin ƙanwata. Ya jikin naki yanzu? Kada ki ce sai kin gama aikin a kwana biyu don an ƙara miki lokaci, ki sha ruwa sosai ki samu barci tukuna. In zazzaɓin ya dawo ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya a Ingila, kyauta ne kuma dare da rana suna ɗauka.